Kuyanga, uwar ɗaki da gawa a ƙasan bene

Wani dare da aka ɗauke wuta, yayata ta leƙo ɗakina ta tarar na haska fitilar waya a kan wani tsohon littafin Turanci da na saya a wajen masu gwanjon littattafai, bangonsa har ya fara rabuwa. Ƙarfe biyu ta kusa. Ta ce, "Ke, wane irin karatu ne wannan da ya hana ki barci, jarrabawa za ki zauna?" Na ce, "Yaya, wata ɓarauniya ce aka tura ta zama 'yar aiki a gidan wata mai gādo don a damfare ta, sai kuma ta kamu da sonta." Ta ce, "Son wa?" Na ce, "Son mai gādon." Yaya ta ja a'uziyya, ta ja ƙofa, ta tafi. Ba a yi minti biyar ba sai ga ta ta dawo, ta tsaya a bakin ƙofa da ɗankwali a hannu, ta ce, "To dukiyar fa, wa ya ci?"

Tun daga ranar nake tunanin tambayar nan tata, domin ta fi duk wani sharhin da na karanta kama bakin zaren. Littafin shi ne Fingersmith na Sarah Waters, 'yar yankin Wales, wanda ya fito a 2002, ya shiga jerin ƙarshe na gasar adabin Turanci ta Booker, ya kuma ci kyautar da marubutan labarin laifi na Birtaniya ke bai wa littafin da ya fi kyau cikin masu komawa zamanin da. Shi ne ya fi shahara a cikin wani nau'in adabi da ke da kasuwa sosai a Turai da Amurka: labarin kisa ko zamba ko sata, an kafa shi a zamanin da ya shuɗe, yawanci Ingila ta zamanin Sarauniya Victoria ko ta shekarun bayan yaƙin duniya na ɗaya, a tsakiyarsa kuma akwai mata biyu da ke son juna a ɓoye.

Na san inda nake rubutu. Matsayin addininmu a kan wannan al'amari sananne ne, dokar Najeriya da aka sa wa hannu a 2014 ma sananniya ce, kuma ban zo ba da fatawa ba, ba ni da ilminta. Tambayata ta mai karatu ce. Me ya sa waɗannan abubuwa uku, tsohon zamani da laifi da soyayyar mata biyu, suke zama a tukunya ɗaya su ba da miya mai daɗi haka, har mutumin da ya fara da a'uziyya ya dawo yana tambayar wa ya ci dukiya? Masu cewa batsa ce kawai ke jan mutane, ina jin ba su karanta ba. Wanda ke neman batsa a wannan zamani na waya ba zai zauna ya bi shafi ɗari biyar na bayanin yadda ake ɗaure wa mace rigar ciki mai ƙashi da yadda ake rubuta wasiyya ba.

A ganina, amsar tana cikin dokar Ingila ta wancan lokaci, kuma dole a san ta kafin a fahimci littattafan. Kafin 1870, macen Ingila in ta yi aure, kuɗin da ta samu da guminta na mijinta ne. Kayan da ta zo da su, in ba iyayenta masu hali ne da suka sa lauya ya ɗaure su da wata yarjejeniya ta musamman ba, sun zama nasa. Sai a 1882 doka ta yarda matar aure ta mallaki dukiyarta cikakkiya da sunanta. Duk Bahaushiyar da ta ji wannan sai ta riƙe baki, domin a wurinmu sadaki na mace ne, gādonta nata ne, akuyar da ta saya da kuɗin ƙuli-ƙuli tata ce, ko da a aikace wasu mazan kan yi ƙafar ungulu. Haka ma saki: dokar 1857 ta ba miji damar rabuwa da matarsa saboda zina kaɗai, ita kuwa matar sai ta haɗa zinarsa da wani laifin, kamar duka mai tsanani ko gudu ya bar ta.

Sai kuma gidan mahaukata. A ƙarƙashin dokokin tsakiyar ƙarni na 19, takardar likitoci biyu da buƙatar wani dangi sun isa a kai mutum gidan mahaukata mai zaman kansa, wanda mai shi ke cin abinci da kuɗin da dangin ke biya duk wata. Ka ga ke nan mai gidan ba shi da wani dalilin gaggawar cewa ta warke. Ba tatsuniya ba ce. A 1858 Edward Bulwer-Lytton, marubuci kuma minista a gwamnati, ya sa aka tsare matarsa Rosina bayan ta je ta tozarta shi a gaban taron zaɓe, sai da jaridu suka yi ca a kansa aka sake ta cikin 'yan makonni. A 1878 Georgina Weldon ta sha da ƙyar lokacin da mijinta ya turo a ɗauke ta, daga baya ta maka likitocin a kotu da kanta, ba lauya.

To a haɗa waɗannan. Yarinya tana da gādo da ba za ta taɓa shi ba sai ta yi aure. Ranar da ta yi auren ya zama na miji. Mijin kuma da sa hannun likita biyu zai iya kulle ta har abada. Marubucin labarin laifi ba ya buƙatar ƙirƙiro komai, doka ta riga ta gina masa tarkon, ta ɗana, ta ajiye masa makulli. Wilkie Collins ya gane haka tun 1860 a littafinsa The Woman in White, kuma daga rijiyarsa Waters da ire-irenta suke ɗiba. Abin da suka ƙara shi ne tambayar da Collins bai yi ba: a cikin gidan nan da kowane namiji, kawu ne ko miji ko likita ko lauya, yake da rabo in an cuce ta, wa ya rage da za ta amince da shi? Mutum ɗaya ne ke shiga ɗakinta ba sallama. Kuyangarta.

Nan ne littattafan suka fi ƙarfi, kuma nan na fi son tsayawa. A ƙarshen ƙarni na 19 mata sama da miliyan ɗaya ne ke aikatau a gidajen Ingila, babu sana'ar da ta kai ta ɗaukar mata. Kuyangar uwar ɗaki ita ke tashinta da safe, ta kawo ruwan zafi, ta tsefe mata kai, ta ɗaure mata igiyoyin riga daga baya domin rigunan nan mace ba ta iya sa su ita kaɗai, ta kwashe fo, ta wanke ƙyallayen al'ada. Ta san ranar da uwar ɗakinta ta yi kuka, ta san wasiƙar da aka ƙona a murhu domin ita ta kwashe tokar. A cikin Fingersmith akwai wurin da haƙorin uwar ɗakin mai kaifi ke yanka mata kunci, kuyangar ta sa ƙarfen nan da masu ɗinki ke sawa a yatsa, ta zura hannu a bakinta tana goge haƙorin a hankali har ya daina kaifi. Ba wanda ya tuɓe, ba wanda ya ce komai. Amma mai karatu ya san yatsan nan na ɓarauniya ne da aka biya don ta kai wannan yarinya gidan mahaukata, kuma ya ga hannun yana yin aikin da tausayi. Abin da ke hana barci ke nan. Labarin bincike yana tafiya ne a kan tambayar wa ke ƙarya, labarin soyayya yana tafiya a kan tambayar ko da gaske take, a nan kuma tambayoyin biyu sun zama ɗaya, a kan mutum ɗaya, a ɗaki ɗaya.

In saurayi ne da budurwa, da wuya a samu wannan. A Ingilar wancan zamani ba a barin budurwar gidan mutunci da namiji su kaɗai, kullum akwai gwaggo a kusurwa tana saƙa. Mata biyu kuwa ba mai kallonsu. Su kwana gado ɗaya saboda sanyi, su riƙe hannu a titi, su rubuta wa juna wasiƙa mai cike da kalaman ƙauna, duk al'ada ce, kamar yadda a gidan biki a wurinmu ƙawaye biyar za su kwana a katifa ɗaya ba wanda ya kawo komai a ransa. Saboda haka asirinsu yana ɓoye ne a fili, a gaban kowa. Ɗan sandan cikin labari zai shigo da littafinsa da fensir, ya tambayi kowa inda yake daren da aka yi kisan, mata biyu su ce muna tare, ya rubuta ya wuce. Yana neman dalilin kisa, yana tunanin kuɗi, yana tunanin wani saurayi a ɓoye, dalilin kuwa yana zaune a gabansa yana zuba masa shayi. Mai karatu ya fi ɗan sanda sani, kuma akwai wani daɗi na mugunta a cikin hakan da ba zan ɓoye ba.

Makantar nan ta hukuma ma tarihi ce, ba ƙirƙira ba. Dokar 1885 kan alaƙar jinsi ɗaya, wadda aka ɗaure marubuci Oscar Wilde da ita shekara biyu da aiki mai tsanani a 1895 ta ambaci maza ne kaɗai. Akwai labarin da ake yawo da shi cewa wai Sarauniya Victoria ce ta ƙi yarda mata na yin haka shi ya sa aka cire su, wannan ƙanzon kurege ne. Abin da ya faru da gaske ya fi shi ban mamaki. A 1921 majalisar wakilai ta amince a faɗaɗa dokar ta haɗa da mata, sai majalisar masu sarauta ta yi watsi da ita. Dalilinsu ba tausayi ba ne. Lord Desart, wanda ya taɓa zama babban mai gabatar da ƙara na ƙasar, ya ce yin dokar tamkar shela ce ga matan da ba su taɓa jin akwai irin wannan abu ba. Lord Birkenhead ya ce cikin mata dubu, 999 ba su taɓa jin ko raɗarsa ba. Wato shiru aka zaɓa a matsayin magani. Shekara bakwai bayan haka, a 1928, kotun Bow Street da ke Landan ta yanke cewa littafin Radclyffe Hall mai suna The Well of Loneliness batsa ne, ta ba da umarnin a lalata kwafinsa, alhali ba komai a cikinsa na tsiraici, laifinsa shi ne ya fasa shirun.

Wannan shiru ya jawo wani abu da nake ganin shi ne dalili na biyu da ya sa adabin ya zaɓi laifi ya zauna a ciki. In al'umma ta ƙi ambaton wasu mutane, ina za a ga sawunsu? A takardun kotu, a rajistar gidan mahaukata, a jaridar da ke sayar da abin kunya. Matan da suka zauna lafiya shekara arba'in a gida ɗaya suka mutu, an rubuta su a matsayin ƙawaye ko mai gida da 'yar haya, shi ke nan, ƙasa ta rufe. Waɗanda tarihi ya riƙe sunansu yawanci waɗanda aka kama ne. A 1746, a yankin Somerset, an gurfanar da wata Mary Hamilton da ta yi shigar maza da sunan Charles, tana sayar da magunguna, har ta auri wata mata a garin Wells. Alƙalai suka rasa dokar da za su kama ta da ita, sai suka lalubo dokar 'yan zaman kashe wando, aka yanke mata wata shida da bulala a bainar jama'a a garuruwa huɗu. Wanda ya mayar da labarin ƙaramin littafi ya sayar shi ne Henry Fielding, mutumin da bayan 'yan shekaru ya zama alƙali a Bow Street ya kafa rukunin masu farautar ɓarayi da ake ɗauka a matsayin kakannin 'yan sandan Landan. Ka ga tun daga tushe mai rubuta labarin irin waɗannan mata da mai kama mai laifi mutum ɗaya ne. Marubuciyar yau da ta shiga ɗakin ajiye tsofaffin takardu tana neman magabatanta, fayil ɗin shari'a za a miƙo mata. Ba mamaki in ta fito ta rubuta labarin laifi.

Akwai mace ɗaya da ta tsallake wannan, ta rubuta kanta da kanta. Anne Lister, mai gidan Shibden Hall kusa da garin Halifax a Ingila, an haife ta a 1791, wato sa'ar Nana Asma'u ce kusan, shekara biyu tsakaninsu. Ta bar kundin rayuwarta mai kalmomi miliyoyi, wajen kashi ɗaya cikin shida da wani rubutun sirri da ta haɗa da haruffan Girka da alamomin lissafi. A shekarun 1890 wani danginta, John Lister, shi da abokinsa Arthur Burrell suka warware rubutun. Da suka ga abin da ke ciki, abokin ya ce a ƙona. John bai ƙona ba, ya tura kundin bayan katakon bango ya rufe. Sai a 1988 Helena Whitbread ta buga wani ɓangare nasa, har wasu suka yi zaton jabu ne saboda yadda Lister ta faɗi komai ba kwana-kwana. Rubutun sirri, dangi mai tsoron abin kunya, takardu a bayan bango: in marubuci ya ƙirƙiro wannan, edita zai ce ya yi yawa.

Ƙarshen labarin kuma shi ne irin wanda littattafan ke tsoro. Ann Walker, mai gādon da ta zauna da Lister tun 1834, ita ta ɗauko gawarta daga Kutaisi a ƙasar Jojiya inda zazzaɓi ya kashe ta a 1840. Shekara uku bayan haka aka fitar da Ann Walker daga Shibden Hall, aka kai ta hannun likita a York, aka yanke cewa hankalinta bai cika ba, dukiyarta ta koma ƙarƙashin kulawar wasu. Masu tarihi na jayayya kan yadda ciwonta ya kai, domin ta daɗe tana fama da damuwa. Amma tambayar Yaya tana nan daram.

Dalili na uku ya fi sauƙi, ba sai na daɗe a kansa ba. Shekaru da yawa in an rubuta irin waɗannan mata, dole ƙarshensu ya zama mutuwa ko hauka ko tuba a hannun wani namiji, domin masu buga littattafai a Amurka na tsoron hukumar gidan waya ta hana kayansu wucewa. Patricia Highsmith, wadda sana'arta rubuta masu kisa ce, ta fitar da The Price of Salt a 1952 da sunan aro, Claire Morgan, kuma ba ta yarda aka sa sunanta na gaskiya ba sai 1990. Ko a cikinsa akwai ɗan leƙen asiri da miji ya ɗauka yana bin matan biyu daga masauki zuwa masauki yana naɗar maganarsu don a ƙwace wa ɗaya 'yarta a kotu. Abin da ya bambanta shi shi ne ba wadda ta mutu. Masu karatun da suka gaji da jana'iza suna komawa tsohon zamani yanzu su ga an sake raba kati, wannan karon waɗanda aka saba binnewa su ne suka tsere da jakar kuɗi. Wani irin ramuwa ce, kuma ramuwar gayya, an ce, ta fi gayya zafi.

Yanzu bari in faɗi abin da ke damuna, domin ba duka na saya ba.

Da yawa daga cikin littattafan da suka biyo baya, musamman waɗanda ake fitarwa jeri-jeri, ba su da tsohon zamani sai a tufafi. An ɗauko 'yar Landan ta yau da tunaninta da bakinta, an sa mata doguwar riga da hula, an ba ta fitilar hannu. Ba ta tsoron Allah, ba ta tsoron talauci, ba ta taɓa shakkar kanta ba, duk wanda ya saɓa mata kuma jahili ne ko mugu. Wannan ƙarya ce ga tarihi, kuma ƙarya ce mai kashe labari. Anne Lister ta gaske mai zuwa coci ce, mai ra'ayin riƙau ce a siyasa, tana matsa wa 'yan hayar gonakinta su zaɓi jam'iyyar da take so, tana haƙar kwal, kuma ba ta ɓoye cewa dukiyar Ann Walker na cikin lissafinta ba. Mutum ce mai wuyar sha'ani, shi ya sa ta fi jarumai goma na roba daɗin karantawa. Haka ma batun mace mai bincike: 'yan sandan Landan ba su ɗauki mata ba sai 1919, don haka in ka ga wata a 1870 tana ba sufeto umarni a wurin da aka yi kisa yana cewa to, ka san marubuciyar ta bi son zuciyarta.

Abu na biyu ya fi nauyi. A wasu littattafan, da zarar an nuna miji mugu ne, an halatta jininsa ke nan. A sa masa guba a shayi, mai karatu ya yi tafi. Gaskiya ne gubar da ake kashe ɓera da ita tana da arha a lokacin, ana sayar da ita a kanti kamar gishiri har sai da aka yi dokar 1851 da ta ce a riƙa rubuta sunan mai saye, kuma gaskiya ne macen da ba ta da hanyar saki tana cikin wani hali. Amma labarin da ya sa kisa ya zama kamar cire ƙaya ya yi ha'inci. Abin da na yaba wa Waters a wani littafinta na 2014, The Paying Guests, wanda ta kafa a Landan ta 1922, shi ne gawar tana da nauyi. Matan biyu sun sha wuya kafin su sauko da ita daga bene, kuma bayan haka wani yaro da bai san hawa ba bai san sauka ba aka gurfanar, su kuma suna zaune a kotu suna kallo, soyayyar tana ruɓewa a tsakaninsu saboda abin da suka sani. Ta rubuta shi tana tunanin shari'ar Edith Thompson, wadda aka rataye a Janairun 1923 bayan saurayinta ya kashe mijinta, wasiƙunta na soyayya su ne babbar shaidar da aka kafa a kanta. Wannan shi ne labarin laifi da ya san laifi laifi ne.

Akwai kuma haɗari ta ɗaya gefen, wanda su kansu marubutan suka sani. Jaridun da sun daɗe suna haɗa irin wannan soyayya da hauka da jini. A 1892 a Memphis ta Amurka, Alice Mitchell ta yanka Freda Ward da reza a kan titi, kotu ta ce mahaukaciya ce, jaridu suka yi watanni suna ci da labarin, ya zama hoton da mutane da yawa suka fara sani. Duk marubuciyar da ta sake haɗa mata biyu da gawa tana taka wannan tsohuwar igiya, ko ta juya ta ko ta ƙara mata ƙarfi.

Abu na uku shi ne wanda ya fi tsaya mini a rai, wataƙila don daga inda nake karatu. Manyan gidajen nan masu ɗaki arba'in da kuyangi goma, da kuɗin me aka gina su? Da yawansu da rake na Jamaika da auduga da kasuwancin Indiya. Littattafan sukan ƙirga duk wata igiya da aka ɗaure Baturiya da ita, su manta da waɗanda aka ɗaure don a saya mata rigar. Park Chan-wook, mai shirya fim ɗan Koriya, ya ga wannan giɓi lokacin da ya mayar da Fingersmith fim a 2016 da sunan The Handmaiden. Ya ɗauke labarin daga Ingila ya kai shi Koriya ta shekarun 1930 a ƙarƙashin mulkin Japan, kuyangar ta zama 'yar ƙasar da aka mamaye, mugun kawun mai gādon kuma ya zama ɗan Koriya da ke mutuwar son a ɗauke shi Bajapane. Labarin bai rasa komai ba, ya ma ƙara haƙori.

Kuma ba sai an je Koriya ba, abin yana cikin takardun Birtaniya kanta. A 1810 a Edinburgh, wasu malamai biyu, Marianne Woods da Jane Pirie, suna da makarantar kwana ta 'yan mata. Wata ɗaliba, Jane Cumming, ta gaya wa kakarta abin da ta ce tana ji da dare daga gadon malaman. Cikin kwana biyu iyaye suka kwashe 'ya'yansu kaf. Malaman suka kai kakar, Dame Helen Cumming Gordon, ƙara kan ɓata suna, aka yi ta shari'a har majalisar masu sarauta a 1819, suka yi nasara a takarda, makarantar kuwa ba ta sake buɗewa ba. Ɗaya daga cikin alƙalan ya ce a wurinsa laifin da ake zargi tsakanin matan Birtaniya ƙage ne kamar maita. To in haka ne, ina yarinya ta samo labarin? Amsar da ta kwanta musu ita ce: an haife ta a Indiya, uwarta Ba'indiya ce, ubanta Bature ma'aikacin kamfanin Gabashin Indiya, don haka daga can ta kwaso ƙazantar tunani. Aka wanke malaman da ruwan da aka watsa wa yarinyar.

Ita ma Anne Lister, yarinyar da ta fara so a makarantar kwana a York wajen 1805 ita ce Eliza Raine, haifaffiyar Madras, uwa Ba'indiya, uba likita Bature, marainiya mai ɗan gādo. Tare suka fara wasa da rubutun sirrin nan. Lister ta girma ta wuce ta zuwa wasu matan, ta gāji gida, ta yi yawon duniya, yau akwai allo da sunanta a bangon wata coci a York, BBC ta yi wasan kwaikwayo a kanta. Eliza kuwa tun tana 'yar shekara ashirin da 'yan kai aka ce ta taɓu, aka kai ta hannun iyalin likitocin nan na York da daga baya za a miƙa wa Ann Walker. Ta rayu a tsare sama da shekara arba'in, ta mutu a 1860.

Da na ba Yaya labarin Eliza washegari muna tankaɗen gari, ba ta ja a'uziyya ba. Ta daɗe tana buga rariya, sannan ta ce, "Ita ba ta da dangin uwa ne da za su zo su tafi da ita?" Na ce suna Madras, tafiyar wata shida a jirgin ruwa.